Godiya ga mutanen unguwarmu bayan daren dara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun daren Asabar nake son rubuta wannan, amma sai da muka gama mayar da tabarmi da bencina ga masu su, na ɗan rama barci, sannan na samu zama. Alhamdu lillahi, daren wasannin da muka kwashe wata biyu muna shiryawa ya zo ya wuce lafiya. Babu wanda ya ji ciwo, babu babur ɗin da ya ɓata, kuma babu wanda ya tafi gida da fushi.

Ga waɗanda ba su san mafarin abin ba, ɗan yayata ne ya jawo shi. Yaro ne ɗan shekara 12. Ya ji na ce "dara ta ci gida" a cikin hira, sai ya tambaye ni mece ce dara. Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai na ga ni kaina rabona da ganin ana yin ta tun ina firamare, lokacin da kakanmu yake zama da abokansa a gindin darbejiya bayan La'asar. Abin ya tsaya mini a rai. Na kai maganar majalisarmu, abokai suka ce a gwada tara manya da yara wuri guda ko da na dare ɗaya ne.

Godiyata ta farko ga Baba Mai Unguwa. Ranar da muka je gaishe shi da maganar, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "To samari, ba dai caca za ku kawo mini unguwa ba ko?" Tambaya ce da ta dace, domin duk mun san gidajen da caca ta rusa. Ya gindaya mana sharuɗɗa: kada a sa ko sisi a kan wasa, kada a kawo karta, a fara bayan sallar Isha'i, a tashi ƙarfe 11. Mun karɓa, kuma da su muka yi aiki har ƙarshe. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Malam Liman kuma shi ya sanar da jama'a a ƙofar masallaci, ya ce iyaye su zo da kansu su gani da idonsu. Na tabbata maganarsa ce ta sa gidaje da yawa suka bar 'ya'yansu suka fito. Allah ya gafarta Malam, ya saka da alheri.

Kafintan bakin titi ya yi mana allunan dara guda huɗu, kowanne da gidaje 30, layi biyar a kwance shida a tsaye. Kuɗin katako kawai ya karɓa, ya ce aikin hannunsa gudummawarsa ce. Yara sun yi ta rububin allunan nan har aka tashi. Dattawa kuwa ko kallonsu ba su yi ba. Baba tsohon direba, wanda ya fi kowa shekaru a layinmu, ya naɗe hannun rigarsa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya shiga haƙa gidaje da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa a hankali. Ya aika aka karyo masa karan dawa guda 12, abokin karawarsa ya zazzage ƙwallon dabino 12 daga aljihu. Ashe tun rana ya tanade su.

A nan na ga abin da na yi ta fata. Baba bai fara wasa ba sai da ya jawo yara kusa ya koya musu. Ya ce yayin zuba 'ya'ya ba a jera uku, sai kowa ya gama zuba nasa ake fara tafiya. Tafiya gida ɗaya ce, gaba ko baya ko gefe, ba a bin kusurwa. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya daga na abokin wasansa, amma jera huɗu ba ci ba ne. Daga nan ya nuna musu tarkon da gwanaye suke kafawa, inda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin layi biyu, duk motsin da ya yi sai ya ci. Ɗan yayata yana durƙushe a gabansa, baki buɗe. Da Baba ya ɗauke ƙwallon dabino na huɗu a jere, yaron ya yi tsalle ya ce, "Baba, a sake, ban gani sosai ba!" Baba ya mayar da 'ya'yan inda suke ya sake nuna masa, har sau uku, bai ƙosa ba. Baba, ba ni da abin da zan biya ka. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wajen ƙarfe tara da kwata wuta ta ɗauke. Janaretan da muka aro ya ƙi tashi, muka ja igiya har hannu ya yi ja. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan taro ya watse. Sai ga mai shayin kwanar masallaci ya ciro fitilunsa biyu masu aiki da hasken rana, ya rataye mana su a jikin rumfa, shi kuma ya ci gaba da soya ƙwai da tocila a baki. Samari suka kunna fitilun wayoyinsu suka zagaye dattawa suna haska musu ƙasa. Ba wanda ya tashi. Har wuta ta dawo wasu ba su ma lura ba. Ɗan'uwa mai shayi, mun ga abin da ka yi, Allah ya sa wa sana'a albarka.

Iyayenmu mata sun yi nasu zaman a tsakar gidan Hajiya, wadda ta buɗe mana ƙofarta ba tare da mun roƙa sau biyu ba. Can aka baje lido da dirafti, kuma matata ta ce shewar da aka yi duk lokacin da dayis ya ba da shida ta fi ta gidan biki. Su ne suka haɗa zoɓo da kunun aya, suka soya ƙosai tun Magariba, aka riƙa miƙo mana waje. An ce wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta cinye kowa a dirafti, har da ƙannen babarta. Hajiya, Allah ya saka da Aljanna, ya raya zuri'a.

Ina kuma godiya ga malamin lissafin da ya zo da allunan ches biyu daga gidansa. Ya zauna da yara yana nuna musu gidaje 64 da yadda doki yake tsallake, ya ba su labarin Tunde Onakoya, ɗan Najeriyar da yake koya wa yaran unguwannin talakawa ches a Legas, wanda ya yi awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024. Yara uku sun bi shi har bakin babur suna tambayar ranar da zai dawo.

'Yan sintirinmu sun tsaya a kan babura da kekuna cikin sanyin hunturun nan, ba su zauna ba sai da kowa ya watse, sannan suka raka ƙananan yara har ƙofar gidajensu. Shugaban makarantar da ya ba mu aron bencina, da masu shagunan da suka ba da ruwan leda da alewa, da duk wanda ya jefa wani abu a asusun shiri, Allah ya mayar muku da ninkinsa. Za a karanta lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a majalisa ranar Lahadi bayan La'asar, kowa yana iya zuwa ya ji.

Ina neman afuwar waɗanda suka zo ba su samu wurin zama ba. Ban zaci jama'a za su kai haka ba, tabarmin da na tanada sun yi kaɗan, kuma na ga dattawa biyu a tsaye na ɗan lokaci kafin a samo musu kujera. Wannan ya dame ni ƙwarai. Maƙwabtan da hayaniyarmu ta hana barci da wuri, musamman gidan da ke da jinjiri, ku yafe mana don Allah.

An tsinci hula zanna ɗaya, da makullin babur, da takalmin yaro ƙafar hagu. Suna wurin mai shayi. Gidajen darar da Baba ya haƙa kuma suna nan a gindin bishiya, na roƙi masu shara kada su taɓa su. Ya ce zai riƙa zama a wurin duk Juma'a bayan La'asar, kuma duk yaron da zai zo ya taho da ƙwallon dabinonsa 12.