Ƙaramar tukunyar gas da abin da nake gani a shagona

Toh ni dai sana'ata gas ce, ɗan shago gare ni a Kaduna, ina ɗura wa mutane, ina sayar da tukwane da bona da tiyo da regileta. Yawancin masu zuwa wajena ba masu babbar tukunyar nan mai kilo 12.5 ba ne, masu ƙarama ne, mai kilo 3 da mai kilo 6 wadda ake murɗa mata bona a ka, wadda ake ce wa kam gas. Masu shayi da indomi, direbobin tirela da ke girki a gefen titi, ɗalibai, 'yan bautar ƙasa, da masu tafiya gona su kwana biyu uku can.

Rigimar da na fi sha da kwastoma ita ce ta cikawa. Mutum ya kawo mai kilo 6 ya ce dan Allah oga a matsa min ta kai 7 tafiya zan yi, ga kuɗina. Ni kuma wallahi ba na yi. Gas ɗin nan ruwa ne a cikin tukunya, da ya ji zafi kumbura yake yi, shi ya sa ake bar masa fili wajen kashi 20 cikin 100, to ka cika ta dam sannan ka jefa a but ɗin mota cikin ranar bazara, ina kake so ya je? A gabansa nake ɗora ta a sikeli, in nuna masa nauyinta tana wayam da ke rubuce a jikinta, wasu su gane wasu su ɗauki tukunyarsu su yi gaba wajen wanda zai matsa musu. Abin yana min ciwo, ba don cinikin ba. Duk wanda yake garin nan a watan Janairun 2020 bai manta da shagon gas da ya tashi a Sabon Tasha ba da rayukan da aka rasa.

Sai 'yar robar nan da ke tsakanin bona da bakin tukunya. Kullum ana cirewa ana murɗawa, tana cinyewa, kuma yawancin yoyon da nake kamawa daga nan ne. Ka kaɗa ruwan omo ka shafa a wajen, in ka ga kumfa na tasowa to yana fita. Ban da ashana dan girman Allah, har yanzu akwai masu gwadawa da ita. Kuma gas ya fi iska nauyi, ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi ya kwanta a lungu ko cikin kwata yana jiran wuta. Warin ma da kake ji zuba masa aka yi musamman don hanci ya kama.

Da hunturun bara na tsaya wajen wani mai shayi da ke saye a wajena, iska ta dame shi sai ya zagaye tukunyar kaf da kwali da langa-langa, ga faffaɗan kasko a kai ya rufe ta ruf, duk zafin yana komawa kanta. Na kai hannu na taɓa sai da na janye. Na ce Malam kashe yanzu yanzu. Muka bari ta huce, na nuna masa ya tare iskar ta gefe ɗaya kawai kuma nesa kaɗan, tukunya ta zauna a miƙe a ƙasa mai daidai, kasko kuma daidai girman bona.

Direbobi su kuma sanyi ke sa su shiga da ita cikin kan mota su rufe gilashi, masu kwana a gona su kunna cikin tanti. Wutar na cinye iskar wajen tana fitar da wata guba mara wari, ciwon kai ne farko sai jiri sai barci, wani daga nan ba ya tashi. In harshen wutar ya koma rawaya maimakon shuɗi, bonar ta toshe, a wanke ta.

Tukunyar da gindinta ya ci tsatsa ko ta lotsa ba na ɗura mata, ko ta waye. Robar kuwa kyauta nake sa wa, gwangwani guda gare ni cike da su a kan tebur, duk wanda ya kawo ɗuri sai na duba tasa kafin ya tafi.