Wasiƙa Daga Kolon: Abin Da Ke Cinye Launin Atamfarmu

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena na gida, har da samarin da ke zage damtse su wanke kayansu da kansu ranar Asabar. Ya sanyi, ya hazo, ya hidimar yara? Mu ma nan Kolon hunturu ya kankama, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu.

Maganar wanki ce ta sa na zauna rubuto muku. Wata za ta ga ƙaramar magana ce, amma duk wadda ta shiga Kantin Kwari kwanan nan ta taya turmi ɗaya ta san kayan sawa sun zama dukiyar da ake tattali.

Lokacin da zan taho Jamus, Innata ta saya mini atamfa holan mai ja da shuɗi, aka ɗinka mini riga da zani da ɗankwali. Ina son kayan nan, don haka na riƙa sa su a kai a kai. Riga da zani kusan kowane mako suna cikin injin wanki, ɗankwali kuwa jefi-jefi nake wanke shi da hannu. Bayan wasu watanni za mu je suna a Bon, na shimfiɗa su uku a kan gado, sai na ga kamar ba daga turmi ɗaya aka yanko su ba. Ɗankwali na nan da jansa jawur, jan zani kuwa ya koma kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Raina ya ɓaci sosai, domin na san yadda Inna ta tara kuɗin nan. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne abin da dukanmu muke faɗa: an sayar mana da jabu, kayan yanzu ba aminci.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta warware mini. A gidan da muke haya, injinan wanki suna wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, nan muke haɗuwa da ita. Ta ga ina zuba garin wanki a kan kaya masu launi, ta ɗauki kwalin ta nuna mini kalmar da ke jikinsa, Vollwaschmittel, sannan ta ɗauko nata mai rubutun Color. Ta ce nawa na farin kaya ne, zanin gado da tawul da singileti. Mai sabulun bai ɓoye komai ba, ya rubuta a jiki, ni ce ban san akwai bambanci ba, domin a wajenmu kowane gari omo ne sunansa.

Daga baya na bi diddigin abin. Garin wanki na farin kaya yana ɗauke da bilic mai aiki da iskar oksijin, wanda ke tashi idan ya haɗu da ruwa, ƙarfinsa kuma na ƙaruwa da ɗumin ruwan. Aikinsa kashe launin tabo ne, na shayi ko na zoɓo, amma a hankali yana taɓa rinin tufa ma. Tun asali haka aka gina shi. Garin wankin Persil, wanda kamfanin Henkel ya fitar a 1907 a Dusseldorf, nan kusa da mu, sunansa ma an harhaɗo shi ne daga sinadarai biyu, perborate da silicate, na farkon kuma bilic ne. Zamanin da fararen zannuwan gado ne babban wankin gidan Bature aka ƙirƙiro shi. Mu kuwa rabin akwatinmu rini ne.

Akwai abu na biyu a cikinsa, mai ƙara haske. Kun san bula da ake ɗauraye farin kaftani da ita don ya yi fari fat? To wannan ƙanwarta ce ta zamani. Yana maƙalewa a jikin zare, ya kama wani haske na rana da ido ba ya gani, ya mayar da shi shuɗi-shuɗi. A kan farin yadi abin sha'awa ne. A kan ruwan madara ko ruwan hoda ko baƙar abaya kuwa, sai ki ga launin ya sauya, ya yi wani toka-toka, ki rasa dalili.

Sabulun kaya masu launi an cire masa waɗannan biyun. An kuma sa masa wani sinadari da ke cafke rinin da ya zuba cikin ruwa, ya hana shi kama tufar da ke kusa. Wannan ne ke rage bala'in nan na jan zani ɗaya ya rine hijabin makarantar yarinya. Yawancinsu suna da enzayim, masu narkar da tabon miya da maiƙo da koko ko da ruwan ba zafi. Akwai wani enzayim ɗin da na fi jin daɗin saninsa: shi aikinsa aske ɗan gashin nan da ke tasowa a fuskar auduga idan ta sha wanki. Sau da yawa idan muka ce atamfa ta koɗe, rinin na nan, gashin ne ya lulluɓe shi kamar yadda hazo ke rufe gari. Idan aka rage shi sai launin ya sake fitowa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, sabulun nan ba marini ba ne. Abin da bilic ya cinye ya tafi ke nan, zanin Inna bai dawo ba. Atamfar da tun a masaƙa ba a kama rininta da kyau ba za ta zuba ko da me aka wanke ta. Kuma ban yar da garin farin kaya ba. Tawul da zanin gado da tsumman kicin, musamman idan wani ya yi rashin lafiya a gida, da shi nake wanke su da ruwa mai zafin digiri 60, domin nan ne bilic ɗin ke da amfani wajen tsafta. Kayan sawa na yau da kullum kuwa, nawa da na maigida da na yara, na Color ne a digiri 30, kuma suna fita tas. Shekara ta uku ke nan da na canza, atamfofin da na zo da su daga baya har yanzu ana tambayata ko sababbi ne.

Na san za ku ce mu ina muka ga injin wanki da ma'aunin zafi, ga wuta sai ta ga dama. Shi ya sa na fi son ku riƙe dalilin, domin ya fi sunan kwalin amfani, kuma ba sai an aiko muku da komai daga Turai ba. Idan za ki sayi gari, juya bayan ledar. Wanda ake tallarsa da cewa yana sa kaya su yi fari ƙal, ko kika ga an ambaci bleach ko optical brightener, wato bilic ko mai ƙara hasken nan, a jerin abin da ke ciki, ware shi don fararen kaya. Sabulun wanki na ruwa galibi ba ya ɗauke da irin wannan bilic, domin ba ya zama a cikin ruwa ya daɗe, saboda haka ya fi sauƙi ga launi. Sabulun sanda ma, wanda iyayenmu suka saba da shi, ya fi garin da ake aunawa a kasuwa ba suna ba bayani. Haifo kuwa kada ya kusanci tufa mai launi ko da ɗigo ne. Tun da na ambace shi, don Allah kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai, iskar da ke tashi guba ce.

Halinmu na wanki ma yana da nasa kason, wataƙila ma fiye da sabulun. Muna jiƙa kaya tun dare har wayewar gari, wai don datti ya yi laushi, alhali rini ne ke ta tsiyaya cikin baho, ja da fari duk wuri ɗaya. Minti 15 zuwa 20 sun isa. Muna zabga gari sai kumfa ta cika baho, muna ganin kumfa ce wanki. Abin da ya yi yawa ba ya fita a ɗauraya, shi ne farin zanen da kike gani a baƙin wando idan ya bushe. Amma ruwa ma iri-iri ne. Ruwan Kolon mai nauyi ne, yana da farar ƙasa, har butar shayi yana yi wa ɓawo, shi ya sa kowane kwali a nan yake da awo uku gwargwadon nauyin ruwan garinku. Wadda ke wanki da ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a ciki ta san abin da nake nufi, ita dole ta ɗan ƙara. Mai ruwan sama da ta tara a randa kuwa ta rage.

Sai rana. A nan cikin ɗaki muke shanya rabin shekara, kullum ina kewar ranar gida da ke busar da wanki kafin azahar. Amma ranar nan tamu ta watan Afrilu bilic ce mai zaman kanta. A juya tufa ciki ya koma waje tun kafin a wanke, a shanya ta a haka cikin inuwa inda iska ke kaɗawa, da ta bushe a kwashe. Sau nawa muke barin kaya a igiya tun hantsi har magariba?

Game da gishirin da ake zubawa a wankin farko na sabuwar atamfa, Inna tana yi, ni ma na yi shekara da shekaru. A wajen rini ne gishiri ke taimaka wa launi ya shiga zare. Tufar da aka riga aka gama rinawa, na gwada da shi da babu shi ban ga bambanci ba. Abin da ke aiki shi ne a wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi sau biyu ko uku, har ruwan ɗauraya ya fito garau.

Shadda da rinin baba kuma hukuncinsu daban. Shuni a saman zare yake zama, shi ya sa turkuɗin Kura ke barin shuɗi a fuskar Buzun da ya naɗa shi, kuma ba aibi ba ne, halinsa ke nan. Wanda ya sayi yadi a marinar Ƙofar Mata ya wanke shi shi kaɗai, da sabulu kaɗan, ba cuɗa mai ƙarfi. Ita ko shadda, ko gezna ce da ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya, sheƙinta daga matsa da gugar da aka yi mata a masana'anta yake, kowane wanki yana rage shi. Babu sabulun da zai mayar, sai sitati da hannun masu bugu. Ku gaya wa mai wankinku ya ware ta daga kayan yara.

Ƙanwata, ke da kika ce kin karɓo ankon bikin bayan salla, kada ki jiƙa shi tare da kowa, ki fara gwada gefen ƙyallen da tela ya rage a cikin ɗan kofi da ruwan sabulu ki ga ko zai zuba. A gaishe mini da Inna, a ce mata ɗankwalin na nan ina ɗaurawa.

Wassalam,
'yar uwarku a Kolon.