Daga Gombe zuwa Kwatano da jakar gwanjo

Gardama ce ta haifar da tafiyar. A majalisarmu ta Jekadafari wani ya ce fita ƙasar waje sai ɗan masu kuɗi, ni da ɗan kawuna muka ce sam. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza, ya zauna har kwana 90, in dai yana da fasfo da katin allurar shawara. Muka ƙulla za mu bi gaɓar teku a mota, Kwatano, Lome, har Akara, ba jirgi ba otal.

Jakar goyo na saya wurin 'yan gwanjo a tsohuwar kasuwa. Hajiya ta danƙara mini dambun nama da ƙuli-ƙuli, ta ce, "Ka riƙe sallah, kuma naman da ba ka san wanda ya yanka ba, ka bar musu abinsu."

Hanya dai hanya ce: Alkaleri, Bauchi, sanyin Jos, sai gangara kudu. Bayan Lakwaja lagireto ya tafasa, muka kwana a bakin titi direba yana ta cewa yanzun nan za a tashi. A Legas kuma, wajen Mile 2 inda ake hawa motar Badagiri, hannun jakata ya tsinke ina tsakiyar turereniya. Wani shumeka Basakkwace ya ɗinke shi da zaren takalmi. Har yau ɗinkinsa ne kaɗai abin da bai motsa ba a jikin jakar.

Wahalar gaske ta fara ne bayan an buga mana hatimi a Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Mun miƙa wa ɗan canji damin naira, ya miƙo mana 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, don haka ba ta rawa yadda tamu take yi. Lissafin da muka yi a Gombe, wanda a takarda ya kai mu Akara har da tsaraba, nan take ya rame. Kafin mu isa gari layukan wayarmu sun ɗauke, ga lambar mutumin da aka haɗa mu da shi tana cikin WhatsApp, ga Faransancinmu bai wuce gaisuwa ba.

Kwatano garin 'yan acaba ne, zemijan suke ce musu, kowanne da rigarsa ruwan ɗorawa. Muka tare biyu muka ce Zango. A wani shataletale nawa ya yi dama, na ɗan kawuna ya miƙe, shi ke nan. Kuma kuɗinmu duka a aljihunsa suke. Ɗan acaban ya sauke ni kusa da babban masallacin Zango yana ta magana da hannu, ni ina juya masa aljihu. Wani dattijo mai sayar da carbi da turare ya taso.

"Samari, lafiya? Daga ina?"

"Daga Gombe, Baba. Na rabu da ɗan'uwana, kuɗin yana wurinsa."

Ya biya ɗan acaban, ya nuna mini buta. "Yi alwala ka zauna. Bahaushe in ya ɓace a garin nan, magariba ce ke kawo shi."

Haka kuwa aka yi. Ana sallame sallah na hango shi a sahu na baya, gumi sharkaf, an zaga da shi har kasuwar Dantokpa kafin wani mai nama ya yi masa kwatance. Mutumin da muka zo nema ba mu taɓa samunsa ba. Dattijon nan ne ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a shagon wani dillali. Ba zan yi wa masaukin ƙarya ba: sauro ya ci rabonsa, ga zafin bakin teku mai danƙo wanda mutumin Gombe bai san irinsa ba. Rigar da na wanke da dare, da safe tana nan jiƙe kamar yanzu aka tsamo ta.

Da safe mai koko da ƙosai, 'yar Nijar, ta ce kuɗinmu dala ɗari. Ɗan kawuna ya miƙa mata sefa 100, ta dube shi ta ce, "Ɗana, wasa kake?" Su a wurinsu dala ɗaya sefa 5 ce, wato 500 take nufi. Daga nan duk farashin da aka faɗa mana da Hausa sai mun ninka shi biyar a zuci kafin mu ce a zuba.

Ganbiye, ƙauyen da aka gina a kan ruwan tafkin Nokuwe, mun so gani, amma da muka ji kuɗin kwalekwale muka haƙura. Muka hau motar Lome daga tashar Jonke. Da tsallaka iyakar Hilakonji agogo ya koma baya da awa ɗaya, domin Togo da Gana lokacinsu ɗaya, awa ɗaya a bayan na Benin da Najeriya, muka zauna jiran azahar da a lissafinmu ta riga ta yi. Lome a manne take da iyakar Gana, Aflawo, garin Gana na bakin iyaka, na nan a ƙarshen titin bakin teku. Ɗan kawuna ya ƙirga abin da ya rage, ya sake ƙirgawa, ya ce da ƙafa za mu taka, kuɗin acaba ya zama na abincin dare.