Ranar da na mai da ruwan sha maganin wanke miki

Lissafin farko da aka ba mu mu daidaita a ajin kemistiri shi ne na samuwar ruwa: H₂ + O₂ → H₂O. Na ƙirga haidrojin, biyu a hagu, biyu a dama, lafiya lau. Oksijin kuwa biyu a hagu, ɗaya tak a dama. Sai na ce ai wannan bai kai abin ɓata lokaci ba, na ɗiga 'yar ƙaramar 2 a gindin O, ya koma H₂O₂. Ƙirga ta cika cif. Ni na fara miƙa littafi, har da ɗan ɗaga kafaɗa.

Malam ya duba, bai ko taɓa jan bironsa ba. Cewa ya yi, "In na cika maka kofi da wannan, za ka sha?" Na ce, "Ai ruwa ne, Malam." Ya ce, "Dā ruwa ne. Yanzu haidrojin feroksaid ka rubuta, wanda ake tsarmawa a wanke miki, ake kuma koɗar da launin gashi da shi." Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne lambobin nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da duk 2 ce. 'Yar lambar gindi tana cikin sunan sinadarin, ita ke faɗin yadda aka gina ƙwayarsa. Taɓa ta tamkar canza harafi ne a kalma, ka rubuta "gara" inda ake nufin "gari". CO₂ ita ce iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Cire wannan 2 ɗin, ka samu CO, gubar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kashe mutum a ɗaki rufaffe. O₂ muke shaƙa, O₃ kuwa ozon ce.

Babbar lambar gaba, wadda ake kira kofishiyan, ƙirga ce kawai: ƙwaya nawa aka ɗebo. Ita ce kaɗai hannunka ke da ikon taɓawa. Rubuta 2H₂O, ruwan yana nan a ruwansa, sai dai ƙwaya biyu ne, wato haidrojin 4, oksijin 2. Daga nan hagu ta nemi ƙarin haidrojin, amsa ta fito: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Ko a kan sikeli haka ne, giram 4 na haidrojin da giram 32 na oksijin su ba ka giram 36 na ruwa, ba ragi ba ƙari. Dokar da Labuwaziye, masanin nan na Faransa, ya fayyace ke nan a 1789: nauyin abu ba ya ɓacewa, ba ya tsirowa daga babu. Atam, wato ƙananan ɓurɓushin da suka haɗu suka gina ƙwayar sinadari, abokan zama kawai yake sauyawa.

A ganina laifin ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai. Muddin aka gabatar da darasin a matsayin wasan "hagu ta yi daidai da dama", duk yaro mai wayo zai bi gajeriyar hanya.

Inda na fi shan wuya daga baya shi ne wajen baka, wato alamar nan ( ). Na daɗe ina tarawa a inda ya kamata in ninka. A Al₂(SO₄)₃ nakan ce oksijin 7 ne, 4 da 3 ke nan, alhali 3 ɗin da ke bayan baka tana ninka duk abin da ke ciki, oksijin 12 ne, salfa 3. In aka sa 2 a gaba kuma, sai ta hau kan kowa, oksijin ya zama 24. Wannan kuskuren ya ci mini maki fiye da na farkon, don ba wanda ya yi mini dariya a kansa balle ya zauna a kaina.

Ƙonewar iskar itan, C₂H₆ + O₂ → CO₂ + H₂O, ita ta koya mini in bar oksijin sai ƙarshe. Kabon ya ba ni 2CO₂, haidrojin ya ba ni 3H₂O, oksijin a dama ya tashi 7. To, O₂ bibbiyu take zuwa, ina zan samo 7? Nan hannu ya fara ƙaiƙayin komawa gindi. Mafita ita ce ka yarda da uku da rabi na ɗan lokaci, sannan ka ninka komai sau biyu: 2C₂H₆ + 7O₂ → 4CO₂ + 6H₂O.

Tun daga ranar kofin nan, kafin in fara ƙirga sai na zana akwati na kewaye kowane sinadari, abin da ke ciki ya haramta gare ni. Kwanan baya ƙanwata ta kawo mini aikin gida, Na + Cl₂ → NaCl, na tarar ta riga ta liƙa 'yar 2 a gindin Cl na dama, tana jiran in yaba. Na ce, "Ƙanwata, ba ni magogin fensirin nan tukuna."