Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fayil ɗin Baba

A makon jiya mun tsaya ne a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda aka shiga ranar 14 ga Fabrairu ba a fito ba sai 14 ga Oktoba. Masu tambayata yadda muka ci muka sha a waɗannan watanni, ku ƙara haƙuri, labari ne mai zaman kansa. A taƙaice dai albashi ya tsaya, Abban yara ya riƙe gida da ɗan shagonsa, ni kuwa da digirina na uku na koma saro dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada ta Jos ina aika wa wata ƙawata a Kano tana sayarwa muna raba riba.

A cikin wannan zaman jiran ne aka jefa ni cikin wani aiki da ban nema ba.

Akwai wani matashin Dakta, abokin aikinmu, da bai daɗe da dawowa daga Amurka ba. TETFund ce ta ɗauki nauyin karatunsa, wato asusun nan da ake tarawa daga harajin ribar kamfanoni, wanda dokar 2011 ta mayar da shi na manyan makarantu kaɗai. Tun da ya dawo ba shi da zance sai na wani abu da ya gani a jihar Bajiniya. Can, tun 1987, hukumar da ke kula da manyan makarantun jihar take zaɓen wasu malamai ƙalilan duk shekara, daga makarantun gwamnati da masu zaman kansu, ta karrama su. Makarantun ne ke miƙa sunaye, kuma ana duba yadda mutum yake koyarwa, da binciken da ya yi, da hidimarsa ga jama'a. Dakta ya ce me zai hana mu yi irinsa a Filato? Ga Jami'ar Jos da ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan ta tsaya da ƙafarta a 1975, ga jami'ar jiha a Bokkos, ga kwalejojin ilimi a Pankshin da Gindiri, ga foliteknik a Barikin Ladi, ga masu binciken cututtukan dabbobi a Vom. Jiha ɗaya da wannan tarin malamai, a ce ba ranar da ake kiran mutum ɗaya a ce masa sannu?

Da farko dariya aka yi masa. Wani ya ce a fara biyanmu albashi tukuna, shi ne babban kambu. Amma da yake ba aji ba ofis, magana ta yi ta yawo har ta isa kunnen wasu tsofaffin ɗalibai da Allah ya buɗa wa a kasuwanci. Suka ce za su ba da kuɗin kyauta da na ɗakin taro, da sharaɗin kada a sa ɗan siyasa a ciki. Aka kafa kwamiti, aka roƙi wani dattijon Farfesa mai ritaya ya shugabanta, ni kuma aka ce in riƙe biro. Ban san dalili ba, duk kwamitin da aka sa mace ɗaya a cikinsa, ita ce sakatare.

A falon Farfesa muke zama a unguwar Rayfield, matarsa tana aiko mana da shayi da gwaten acca. Zaman farko duk ya tafi ne a kan rabon maki. Dakta ya zo da tsarinsa a rubuce: cikin 100, bincike 50, koyarwa 30, hidima 20. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce bincike ne kaɗai ba a iya yi wa ƙarya cikin sauƙi, domin mujallar da ta buga aikinka tana nan, waɗanda suka ambace ka a nasu aikin suna nan, kowa zai iya buɗe intanet ya gani. Ya kawo misali da kyautar kimiyya da kamfanin gas na NLNG ke bayarwa tun 2004, wadda yanzu ta kai dala 100,000. Ya ce darajarta ta samu ne saboda a shekarar da alƙalai ba su ga aikin da ya kai ba, cewa suke ba wanda ya ci, kowa ya koma gida.

Farfesa bai ce uffan ba sai da kowa ya gama. Sannan ya laluba aljihun babbar rigarsa ya fito da naira 20, ya juya bayanta ya ajiye a kan tebur.

"Dakta, wace ce wannan?"

"Ladi Kwali ce, ranka ya daɗe."

"Takarda nawa ta buga a mujalla?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce babbar lambar yabo ta ilimi a ƙasar nan, wadda aka kafa a 1979, wadda ofishinta yake Maitama a Abuja kuma shugaban ƙasa ne ke rataya wa mutum ita, an ba wannan mata a farkon shekarun 1980. Maginiyar tukwane ce daga Kwali, a gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, Sulejan yau. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ya ce waɗanda suka zauna suka yanke wannan hukunci su ma farfesoshi ne, amma sun iya ganin gwani ko da bai zo musu a cikin fayil ba. Daga ƙarshe aka daidaita a kan 40, 40, 20. Dakta ya amince, fuska ba walwala.

Sunaye suka fara shigowa. A nan na gane abin da Dakta yake gudu da abin da Farfesa yake gudu, dukansu gaskiya ne. Takardun bincike kamar buhunan dankali suke a Farin Gada, ka ƙirga ka ɗora a sikeli ka rubuta. Wani ya aiko da jerin da ya kai shafi goma sha wani abu, da Dakta ya bi su ɗaya bayan ɗaya sai ga shi kusan rabi a mujallun nan ne da ake biya yau a buga gobe, ba mai dubawa. Wani kuma takardunsa kaɗan ne amma kowace ta yi nauyi. Ɓangaren hidima ya fi ban dariya: akwai wanda ya lissafa har shugabancin kwamitin ɗaurin auren ƙanwarsa. Sai ɓangaren koyarwa, inda kusan kowa ya rubuta abu ɗaya, sunayen darussan da yake ɗauka da yawan shekarunsa a aji. To wannan me ya nuna? Akwai malamin da ya shekara 30 yana karanta wa ɗalibai littafin rubutu guda, har takardar ta yi ja.

Ana cikin haka na buɗe wani siririn fayil, shafi uku, shugaban sashensu ne ya aiko. Da na ga sunan sai da na ajiye biro.

Baba ne. Haka duk muke kiransa, Musulmi da Kirista. Shi ya koya mana kemistiri a shekararmu ta farko a jami'a, a wani zauren da ɗalibai suka fi kujeru yawa, wasu a tagogi wasu a ƙasa, ba lasifika. Mutumin Pankshin ne, siriri, da wata tsohuwar Fijo da sai an tura. Ranar da zai koya mana bambancin sinadarai masu tsami da masu kanwa, da jarkar zoɓo ya shigo. Ya zuba a kwalabe, ya tsiyaya ruwan kanwa a ɗaya, zoɓo ya rikiɗe ya yi duhu ya koma kore-kore. Ya matsa lemun tsami a kai, ja ya dawo. Ya ce, "Uwayenku mata sun san wannan tun kafin a haife ku, suna kawai za mu sa masa yau." Ni da na fito daga makarantar gwamnati inda ɗakin gwaje-gwaje yake kulle shekara da shekaru, ranar na fara yarda cewa kemistiri ba aljanu ba ne. Duk Asabar yana buɗe aji na daban ga waɗanda Turanci ke ba wahala, ya maimaita darasin mako da Hausa, kyauta. Bai taɓa sayar mana da takardar darasi ba. Takardun jarrabawa kuwa da hannunsa yake makin su, kuma in ka faɗi za ka tarar ya rubuta maka da jan biro inda ƙafarka ta zame.

Mutumin da ke yin wannan ba ya samun lokacin rubuce-rubuce, kuma ƙa'idar ƙarin girma a jami'o'in ƙasar nan duka ɗaya ce: daga siniya lakcara zuwa sama, takardunka ake tattarawa a aika wa masana na waje su auna. Ba wanda ake aikawa ya zauna a bayan aji ya ji yadda kake koyarwa. Don haka Baba ya tsaya a siniya lakcara, ɗalibansa suka zo suka wuce shi. Dokar 2012 kuma ta ce farfesa sai ya kai shekara 70 zai yi ritaya, wanda bai kai wannan matsayi ba 65. Saura 'yan watanni Baba ya cika 65.

Akwai abin da ba ya cikin shafi ukun nan. Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, da rikici ya ɓarke a Jos, ina makaranta, hanyar gida ta toshe. Mu 'yan mata masu hijabi muka rakuɓe a bayan wani gini muna kuka, hayaƙi ta ko'ina. Baba ne ya tsaya da Fijonsa ya ce mu shiga mu sunkuya. Sawu ya yi ta yi yana kwasowa, har falonsa ya cika da ɗalibai. Mama, matarsa, ta fito mana da zannuwa, ta wanke buta sabuwa ta ajiye, ta share ɗaki guda ta ce nan ne na salla. Da wasu matasa suka zo ƙofa suna tambaya ko akwai baƙi, fita ya yi ya tsaya a bakin ƙofa ya kira su da sunayen iyayensu ɗaya bayan ɗaya har suka juya. Da gari ya lafa shi ya kai ni gidanmu a Gangare da kansa. Muka tarar Babanmu shi ma ya ɓoye wani maƙwabcinmu Inyamuri mai kanti da iyalinsa a ɗakin Innarmu. Dattawan biyu suka gaisa a zaure suka sha ruwa, ba wanda ya yi wa wani dogon jawabi.

A zama na gaba na faɗa wa kwamiti cewa akwai fayil ɗin da ba zan iya sa wa maki ba, na faɗi dalili. Farfesa ya ce, "Kin kyauta, 'yata. In an zo kansa sai ki ba Dakta biro ki jira mu a waje." Sai wata murya daga ƙarshen tebur, wani malami daga Bokkos, ya ce shi ma Baba ya koyar da shi. Na kusa da shi ya ce shi ma. Aka duba, in duk ɗaliban Baba za su fita, Farfesa da Dakta ne kawai za su rage a falon.

Abin mamaki, Dakta ne ya kawo mafita, kuma daga can inda ya samo tunanin tun farko. Ya ce a Bajiniya fayil ba ya cika sai da wasiƙun shaida daga ɗalibai da abokan aiki, shi ne ya cire wannan saboda yana tsoron a nan kowa zai sa 'yan garinsu su rubuto. Aka yanke cewa za a nemi wasiƙu a kan duk waɗanda suka kai zagaye na ƙarshe, ba Baba kaɗai ba, daga ɗaliban da suka riga suka gama, waɗanda malami ba shi da sauran iko a kan makinsu. Kowace wasiƙa sai ta faɗi abu takamaimai, shekara kaza aji kaza ya yi kaza. Kirari ba ya cikin lissafi. Masu karantawa kuma za a nemo su daga wajen jihar.

Na rubuta sanarwa gajeriya na tura a zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Kafin mako ya zagayo wayata ta fara ƙin karɓar saƙo. Mai haɗa magunguna daga Kaduna, malamar sakandare daga Langtang, likita daga Ingila, wani fasto, wani limami. Da yawansu zoɓon nan suka ambata. Wata ta ce Baba ne ya biya mata kuɗin rajista shekarar da mahaifinta ya rasu, ya kuma hana ta faɗa wa kowa. Sauran 'yan takara ma sun samu wasiƙu masu kyau, musamman wata likitar dabbobi da ta shekara tana bin rugage tana yi wa shanu rigakafi, wadda wani Arɗo ya sa ɗansa ya rubuto mata shaida da ajami. Na ji daɗin wannan, don ban so a ce an shirya abin ne saboda mutum ɗaya.

Abin da ban lissafa ba shi ne labari zai koma wa mai shi. Wata Lahadi da yamma ina tankaɗen garin tuwo waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Na ɗauka da hannun hagu.

"Ke ce sakatare?"

Muryar ba ta canja ba. Na miƙe tsaye ba tare da na sani ba. "Ni ce, Baba. Ina wuni? Ya Mama?"

"Mama lafiya. Wa ya aike ki ki tara mini jama'a? Tun jiya waya ba ta bar ni na yi barci ba."

Na fara kame-kame, ina cewa ai yabon gwani ya zama dole. Ya katse ni. Ya ce shi bai san an miƙa sunansa ba, kuma gobe Litinin zai rubuto a cire shi, sai fa in kwamiti zai yarda da wani sharaɗi guda. Ya ce ba zai faɗa a waya ba, in zo gida da safe, in taho da wannan yaron da ya je Amurka.

Abban yara da ke jin mu daga tsakar gida ya ce in zan je kada in je hannu rabbana, ya ɗauko rabin buhun dankali daga cikin na sayarwa ya sa a bayan mota. Sharaɗin Baba, da yadda ya kusa raba kwamitin gida biyu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.