Takardar EUC tukuna, kafin ka tura ko sisi

Har yau in na tuna maganar ejan ɗin da ke fitar mini da kaya daga kwastan sai raina ya ɓaci. "Yallaɓai, ai kayan safiyo ne, tura kuɗi kawai, sauran ka bar mini." Da wannan na sayo jirgi maras matuƙi daga Sin, da na'urar lidar a maƙale a cikinsa, don awon wata hanya da muka samu a bayan Kuje.

Abin da ya ja ni shi ne ciyawa. Lidar tana harba hasken lesa ƙasa, wani ya ratsa tsakanin ganye ya dawo, sai ta ba ka tudu da kwari ba tare da ka sa yara sara ba.

Form M, wato takardar da mai shigo da kaya ke cikewa a banki, da sauran takardun banki duk sun tafi lafiya. Kaya suka sauka a filin jirgin Abuja, sai ga ejan a waya, murya ta yi sanyi: wai ana neman EUC, takardar shaidar wanda zai yi amfani da kaya, daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kuma ƙa'ida ita ce a samo ta kafin a ɗoro kayan. Mutumin da sana'arsa ke nan, wai bai sani ba!

Akwatin na gan shi da idona, an yanka salatif, soson ciki ya leƙo, fukafukan na cikin ledarsu. Taɓawa ma babu. Kullum kuɗin ajiya na hawa, ga mai kwangila na kira safe da yamma. Dole muka koma wa na'urar awo mai ƙafa uku, yara da adduna, ruwa na dukanmu. Ribar aikin a nan ta narke.

Dokar kanta ba ta ba ni haushi ba. Na'urar da za ta zana maka gada da kwalbati dalla-dalla, manhajarta kuma tana iya magana da kamfanin da ya ƙera ta, wace gwamnati za ta rufe ido? Amurka tun a dokar tsaronta ta 2019 ta hana ma'aikatun tarayya sayen kyamarorin kamfanonin Sin na Hikvision da Dahua, a Janairun 2024 kuma ma'aikatar tsaronta ta sa Hesai, mai ƙera lidar, cikin jerin kamfanonin da take dangantawa da sojan Sin. Namu bai kai nan ba, izini kawai ake so. Sai dai izinin ba ɗaya ba ne: tun 2016 NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta hana tada irin wannan jirgi ba da yardarta da ta ofishin tsaro ba. Wato shigowa daban, tashi daban. Kuje kuwa maƙwabciyar filin jirgi ce.

Don haka, ɗan'uwa, karɓi takardar farashi da cikakken bayanin na'ura daga mai sayarwa, ka nemi EUC da sunan kamfaninka, ka riƙe ta a hannu, sannan ka biya. In ejan ya ce "ba matsala", ce masa ya nuna maka irin kayan da ya taɓa fitarwa daga kwastan, da takardarsu. Nawa da na matsa masa, ashe tayil da kayan banɗaki ya saba shigowa da su.