Yadda muka tsaya wa layinmu a Yammacin Filadelfiya, Amurka

Abin da muka fara gani a layinmu shi ne gida ya canza hannu shiru, sai na kusa da shi, dukkansu da sunan wasu ƙananan kamfanoni da ba wanda ya taɓa jin su. Aka rufe tagogi da katako, rufi na yoyo, ba mai gyarawa. Gidajen jan bulo ne masu baranda, ginin ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da taragon lantarki ya buɗe wannan ɓangare na gari. Daga baya muka ji cewa jami'ar da ke maƙwabtaka da mu na son wurin don ɗakunan kwanan ɗalibai.

Wata dattijuwa baƙar fata da nake kira Mama ce ta tayar da mu. A Black Bottom ta girma, unguwar da aka share a shekarun 1960 da sunan sabunta birni, aka watsa dubban mutane. "Ɗana," ta ce mini, "mu sai da takarda ta zo muka taru. Ku kada ku jira takarda."

Muka raba aiki. Ni na ɗauki tono tarihi: takardun mallakar gidaje a ofishin birni, da tsofaffin taswirorin inshorar gobara a babban laburaren gari, inda ake nuna ginin bulo da ruwan hoda, na katako da rawaya. Na ga layinmu a ciki, gida bayan gida, kamar yadda yake yau. Hawaye suka zo mini, ni da ba a nan aka haife ni ba.

A nan na fahimci abin da ya fi komai amfani. Rajistar gine-ginen tarihi iri biyu ce. Ta tarayya, wadda dokar 1966 ta kafa, girmamawa ce da rangwamen haraji, amma mai gida na iya rushewa matuƙar ba kuɗi ko izinin tarayya a aikin. Mai haƙori ita ce ta birni, ƙarƙashin Hukumar Tarihi da aka kafa a 1955. Kowa na iya gabatar da gini, kuma da zarar an aika wa mai shi sanarwa, ba a taɓa shi sai hukumar ta duba. Can muka nufa. Ranar zaman hukumar, lauyoyin masu gidajen suka ce gidajen sun lalace, gyara ba riba. Muka fito da hotunan bikin aure da na suna da aka ɗauka a barandojin nan shekaru kaɗan baya, rufi lafiya lau. An sa yawancin layin a rajista. Ginin da ke kusurwar layi kam ya tafi, an riga an ba da izinin rushe shi kafin mu shigar da takarda.

Sai dai rajista bango take karewa. Kuɗin haya ya ci gaba da hawa, birnin kuwa ba shi da dokar ƙayyade haya, iyalai suka yi ta tashi daga gidajen da muka ceto. Wannan ya fi rushewar ciwo a wurina. Ga kuma matsalar gidan gado: kaka ta rasu, jikoki na ciki, takarda na ɗauke da sunan mamaciya. Binciken da wata ƙungiya mai suna Pew ta yi a 2021 ya gano irin waɗannan gidaje fiye da 10,000 a Filadelfiya. Mai irin wannan gida bashin gyara ma gagararsa yake yi, kuma shi dillalai suka fi bi.

Shi ya sa yanzu rabin taronmu na wata ya koma cike fom. Muna haɗa magada da lauyoyin da ke aiki kyauta don a gyara suna a takarda, muna kuma shigar da tsofaffi shirin LOOP, wanda ke sassauta haraji ga wanda ya shekara 10 a gidansa aka ɗaga ƙimar gidan. Gidan Mama ne na farko da muka kammala.